Hoton Cikin Rabi

Abin da zan gaya muku ya faru ne a shekarar da kogi ya cika har ya kwanta a kan gonakin rake, damina biyu bayan rasuwar Malam maigidana, tun zaurenmu yana na ƙasa ba a yi na bulo ba. Ni ban san lissafin shekarun boko ba, kada wanda ya tambaye ni. In kuna son ku gane lokacin, ku tambayi duk wanda ya tuna faɗuwar tsamiyar ƙofar gidanmu, a cikin watan ne.

Na sa a rubuta wannan ne saboda na ji abin da ake gaya muku, wai talabijin ce ta kore ni daga ungozomanci, na ga hoto na tsorata na ajiye aiki. Masu faɗar haka ba sa wurin. Ni ina wurin, kuma har yau hankalina bai gushe ba, haƙora ne kawai suka tafi.

Ni 'yar mahauta ce. Ubana a kasuwar Juma'a ya yi fawa har ya tsufa, kuma tun ban fi tsawon turmi ba nake wanke masa kayan ciki. Na san hanta, na san saifa, na san ƙoda, na san inda matsarmama take maƙale da yadda ake cire ta ba ta fashe ta ɓata nama ba. Karɓar haihuwa kuwa a wurin goggona na koya a Indabo, na zo da shi nan Sabon Garin Wudil da aure ya kawo ni. Ku fita ƙofar gida ku tsaya ku dubi masu wucewa, da wuya a yi mutum biyar ba wanda na yanke wa cibi. Akwai malaman makaranta, akwai direbobi, akwai wani da yanzu yake koyarwa a jami'a yana tafiya yana ɗaga kafaɗa, da ƙafa ya zo duniya, ni na juyo shi. Ina ɗora hannu a kan ciki zan gaya miki watanninsa, in gaya miki inda kai yake da inda ɗuwawu yake. Ba yabon kai ba ne, abin da kowa ya sani ne.

To a wannan shekarar aka kawo min Rabi goyon ciki. Rabi jikata ce, 'yar babban ɗana, amma tun yaye take hannuna, shi ya sa da cikinta na fari ya shiga wata bakwai, ba gidan uwarta aka kai ta ba, ɗakina aka kawo ta daga Achika. Mijinta Isiyaku yana bin motar shanu zuwa kudu, sai ya yi sati uku ba a gan shi ba. A gidan kuwa daga ni sai yayata, Yaya Abu, wadda ta dawo wurina da zama bayan mutuwar mijinta.

Washegarin zuwanta na shimfiɗa tabarma na ce ta kwanta. Ta juya fuska bango, kun san kunyar ɗan fari, ko sunan cikin ba a so a ambata a gabanta.

"Ke tsohuwa, hannunki sanyi kamar na kwaɗo," in ji ta.

"Rufe min baki. Wannan kwaɗon shi ya fara taɓa ki a duniya."

Na lalube cikin. Ɗa yana da rai, yana motsi sosai. Abin da ban so ba shi ne kan. Yana can sama yana yawo kamar ƙwarya a kan ruwa, ya ɗan karkace gefe, in na tura shi ƙasa sai ya dawo, kamar akwai abin da ya zauna masa a wuri. Na ce a raina da sauran lokaci, zan riƙa shafa man shanu ina lallaɓa shi, in naƙuda ta zo in sa hannu in gyara masa hanya. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan kwana uku Yaya Abu tana turara kayan Rabi sai ga wata 'yar takarda mai santsi ta faɗo daga cikin zani. Ta ɗauka ta kawo min. Ashe kafin a kawo ta, matan Achika masu zuwa awo sun ja ta sun je an yi mata hoton ciki, wanda suke kira sikanin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina raye, jikata ta je inji ya gaya mata abin da ke cikinta? Amma ɓacin ran bai hana ni son gani ba. Ni dai haka Allah ya yi ni, ko agogo aka buɗe a gabana sai na leƙa. Muka fita tsakar gida inda haske yake, muka juya takardar sama, muka juya ta ƙasa. Ba mu ga ɗa ba, ba mu ga hannu ba, ba mu ga ƙafa ba. Hazo ne kawai toka-toka, da wasu fararen zane-zane, sai wani abu baƙi ƙirin a gefe ɗaya, ya yi girman ƙodar akuya.

"Innalillahi," in ji Yaya Abu. "Kande, kin ga abin da nake gani? Wannan ai ajiya aka yi mata."

"Wa zai yi wa Rabi ajiya? Me ta tare wa wani?"

"Mutum sai ya tare wani abu ake yi masa? Duk jikin mutum ina kika taɓa ganin baƙi haka? Ke da kika tashi cikin kayan ciki, faɗa min."

Gaskiya ta faɗa. Na buɗe ciki ya fi a ƙirga, ban taɓa ganin abu mai lafiya da wannan launin ba. Muka kira Rabi. Ta zo ta durƙusa, kanta a ƙasa, tana wasa da bakin mayafi. Me suka ce miki? Ke, da ke fa ake magana. Da ƙyar ta ce:

"Cewa suka yi in koma da babba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Da la'asar Yaya Abu ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa habbatussauda da ɓawon tafarnuwa, ta lulluɓe Rabi da zani ta turara ta har tana tari. Da ta gama sai ta ce ai shi ma abin da ke jikin takardar ya kamata ya sha hayaƙin, tunda shi aka kama a fili. Ban hana ta ba. Ku rubuta haka, ban hana ta ba, ni ma na ga hikimar abin. Ta kama takardar da yatsu biyu ta kara ta a kan kaskon tana addu'a. Muna kallo da idonmu baƙin nan ya fara yaɗuwa. Ya taso daga gefe ya ci tokar, ya ci fararen zanen, kafin ta janye hannu takardar duk ta zama baƙa kamar gindin tukunya, kuma ba ƙonewa ta yi ba, ko kusurwarta ba ta kama wuta ba. Yaya Abu ta jefar da ita ta kama salati. Rabi ta dafe ciki ta fashe da kuka. Ni kuwa da ake kira in an rasa yadda za a yi, na tsaya ina kallo kamar kowa.

Yaya Abu ta ce gobe sai gidan malam. Na ce ta je, addu'a ba ta ɓaci. Amma ni wurin mai injin zan je, tunda an ce a zo da babba, kuma duk unguwar nan ban ga wanda ya fi ni ba.

Ranar Juma'a ce, gari ya cika da shanu da motoci. Na ƙulle baƙar takardar a bakin zani na hau adaidaita sahu. Wurin wani ɗan ɗaki ne kusa da asibiti, da benci biyu a baranda. Mata sun cika bencin, kowace da ruwan leda a hannu tana tsotsa, wasu sun harɗe ƙafa suna jijjiga. Rabinsu ni na karɓe su.

"Lale, Hajiya! Ke ma cikin gare ki?"

"Ƙwarai kuwa. Shekara arba'in yana kwance, yau nake son a tashe shi. Ku kuma wannan shan ruwa fa, azumi za ku ɗauka?"

"Ai sai fitsari ya matse ki ake yi, Hajiya. In kika zubar, sai ki sake sabon layi."

Na riƙe wannan a raina. Me ya haɗa hoto da fitsari?

Mai injin wata siririyar yarinya ce mai tabarau, Sista Bilki. Ta gaishe ni da ladabi har da rusunawa, ta tambayi gida da jikoki da gajiya. Na kwance bakin zani na ajiye mata takardar, na gaya mata duk abin da ya faru ban rage komai ba. Ta sa hannu ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa.

"Yi dariyarki a fili, 'yar nan, kada ta shaƙe ki."

"Ki gafarce ni, Hajiya. Bari ki gani."

Ta yago wata farar takarda daga jikin injin, wadda ba a buga komai a kai ba, ta ƙyasta ashana ta riƙe ta can ƙasa nesa da ita. Nan take baƙi ya bayyana ya bazu. Ta ce irin takardar ke nan, da zafi ake rubutu a kanta, ko a rana aka bar ta lalacewa take yi. Kunya ta kama ni, amma ban bari ta gani ba.

"To na ji na takarda. Baƙin da ke ciki tun kafin hayaƙi fa?"

"Fitsari ne, Hajiya. Mafitsararta ce a cike."

"Fitsarin jikata ba baƙi ba ne. Ni na yi mata tsarki tun tana jaririya."

Sai ta jawo min kujera. Ta ce wannan abin da ake kira hoto, ba hoto ba ne irin na mai kyamara, don babu haske a cikin ciki. Sauti ne. Ta nuna min wani abu mai igiya kamar ƙaramin dutsen guga, ta ce shi yake aika wata ƙara siririya da kunnen mutum ba ya ji, ta shiga jiki, in ta bugi abu ta dawo, injin ya zana abin da ya dawo. Abin da ya mayar da ƙara da ƙarfi sai ya fito fari. Wanda ya mayar da kaɗan, toka-toka. Wanda ƙara ta ratsa ta wuce bai mayar da komai ba, sai wurin ya zauna baƙi.

Na juya maganar a raina. Sai na tuna yadda ake sayen tulu. Ba wadda take leƙa cikinsa, ƙwanƙwasawa ake yi da yatsa a saurara, mai tsaga daban yake amsawa, mai lafiya daban. Na gaya mata. Ta tafa hannu ta ce wallahi ko malaminsu bai kawo misalin da ya kai wannan ba.

"Ke nan baƙin ba launin abin ba ne," na ce. "Shirunsa ne."

"Shi ke nan, Hajiya. Ruwa ba ya amsawa."

Daga nan fuskarta ta canza. Ta tambayi sunan yarinyar da garinsu, ta duba wani littafi, ta ce ta tuna ta, kwana tara ke nan tana jiran a dawo da ita. Ta ce in kawo ta yau ɗin nan. Sannan ta kama hannuna na dama, wannan da kuke gani, ta ce don girman Allah kafin nan kada in sa shi a jikin Rabi ta ƙasa, ko da yatsa ɗaya. Ba a taɓa gaya min haka ba tunda nake. Na zare hannuna na ce zan kawo ta, amma ba zan yarda da maganar inji a kan jikata ba sai na gwada shi da abin da na sani.

Na biya ta mahauta. 'Ya'yan abokan ubana ne a wurin, ba wanda zai hana ni abu. Na sa aka yanko min hanta, da guntun ƙashin haƙarƙari, da matsarmama guda a cike ba ta fashe ba. Na zuba a kwanon sha na rufe da faifai, na je gida na ɗauko Rabi. Muka iso ana shirin tafiya masallaci, baranda ta watse. Sista Bilki ta ba Rabi ruwan leda uku ta ce ta zauna ta shanye. Da na buɗe faifan sai ta dafe ƙirji.

"Hajiya! Miya za mu yi?"

"Ke dai kunna abinki."

Da wata ce da ta kore ni. Ita kuwa sai ta rufe ƙofa, ta cika roba da ruwa, ta juye kayan a ciki, ta sa wa dutsen gugar nan safar hannu ta ɗaure, ta tsoma bakinsa. Na matso da kujera har hancina yana kusan taɓa gilashin injin, mai kama da talabijin. Ga ruwan robar nan baƙi wuluk, alhali ina ganinsa da idona garau. Ta matsa kan hanta, sai ga abu toka-toka mai laushin gani, sumul kamar tuwon da aka tuƙa da kyau, da 'yan ƙananan ramuka baƙaƙe, na ce waɗannan jijiyoyinta ne, ta ce haka ne. Ta matsa kan matsarmama, ga zobe siriri fari, cikinsa baƙi. Wato ruwan ɗacin nan kore shar da na sani, shi ma shiru yake yi. Da ta zo kan ƙashi sai ga fari fat kamar an ja alli, a ƙarƙashinsa kuma wani dogon baƙi ya miƙe har ƙasa.

"Tsaya. Kin ce baƙi ruwa ne. Wane ruwa ne a bayan ƙashi?"

"Wannan inuwa ce. Ƙashin ya tare ƙarar duka, ba abin da ya wuce balle ya dawo."

"Ashe baƙin ma biyu ne. Da na wanda aka ratsa, da na wanda ba a kai gare shi ba."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce da an sa ni a makaranta da an sha wuya da ni. Na ce ai ko yanzu ana sha. Na tambaye ta man nan mai yauƙi kamar kuɓewa da suke shafa wa mata, na mene ne, magani ne? Ta ce a'a, iska yake korewa tsakanin fata da bakin abin, don ƙarar ba ta shiri da iska, shi ya sa ma hanji mai iska yake ɓata musu gani. Shan ruwan kuma don mafitsara ta cika ta ture hanjin gefe, ta zama kamar taga a leƙa abin da ke bayanta. Sannan ta ce in juya baya. Ta jujjuya kayan cikin robar ta rufe da tawul, ta ce in kalli gilashi kawai in faɗa. Sau biyar ta gwada ni, sau biyar na faɗa daidai.

Aka kwantar da Rabi, ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka shafa man, aka ɗora. Jama'a, shekara arba'in ina lalube a duhu, ran nan aka kunna min fitila. Ga ƙoƙon kai, farin zobe. Ga ƙashin baya a jere kamar carbi. Ga ruwan da yake iyo a ciki, baƙi. Ga wani ɗan abu yana ɓal-ɓal ba ya tsayawa, ban jira an gaya min ba na ce zuciya ce. Har hannu ya ɗaga ya kai baki. Na manta abin da ya kawo ni, ina ta cewa matsa nan, koma can. Sai ta gangaro ƙasa wajen mara, ga baƙin nan namu da ya hana mu barci, mafitsara ce a cike tam, ba ruwanta da kowa. A gefenta kuma, can ƙasa inda ya kamata in ga kai ya sauko ya zauna, sai na ga wani abu toka-toka, sumul, shimfiɗe kamar an ajiye fanke.

"Wannan hantar me take yi a nan?"

"Ba hanta ba ce, Hajiya. Mabiyya ce."

"A ƙasa? Gaban ɗa?"

"Ta kwanta a kan bakin mahaifa ta rufe shi ruf. Ga bakin nan, kin gan shi? Ba ta bar ko gefe ba."

Wato abin da muka yi ta kallo a takarda muna tsallakewa, don ya yi kama da lafiyayyen nama, shi ne abin tsoron. Kuma shi ne abin da yake turo min kan yaron baya. Sista Bilki ta sunkuya ta tambayi Rabi ko ta taɓa ganin jini. Ta ƙara mata bayani, ta ce ba ciwo, ba naƙuda, jini kawai ja. Can sai hannu ya fito daga ƙarƙashin mayafi da yatsu biyu a miƙe. Sau biyu, a ɗakina, tana wanke zanin a ɓoye don kunya.

A nan Asabe ta faɗo min a rai, wata matar manomi a Indabo, tun ina da ƙuruciyar aiki. Ita ma kan ɗanta ya ƙi sauka. Ita ma jini ya fara zuwa ba ciwo. Na sa hannu in duba hanya, na ji abu mai laushi kamar soso inda ya kamata in ji ƙashin kai, na ɗan tura. Abin da ya biyo baya ba zan faɗa muku ba. Kafin a samo mota ta cika. Aka ce kwananta ne ya ƙare, ni ma haka na ce, kuma haka ne. Amma shekara talatin da wani abu ban san abin da yatsana ya taɓa ba sai ran nan, a gilashin yarinyar da na girmi uwarta.

Likita ya ga Rabi a ranar. Ya ce ba maganar haihuwa a gida, za a kwantar da ita in lokaci ya matso, a yi mata aiki a ciro ɗan, kuma a nemi masu ba da jini tun yanzu.

Labari ya kai Achika. Ranar Lahadi sai ga uwar mijinta, Talatu, da mata huɗu. Talatu ba baƙuwata ba ce, 'ya'yanta tara duk a hannuna suka faɗo, har da shi Isiyakun. Aka shimfiɗa tabarmi, maƙwabta suka shigo kamar masu neman aron wuta, tsakar gida ta cika. Bayan an gama gaisuwa ta ce:

"Yaya Kande, wata magana na ji da ban yarda ba. Wai za a yanka yarinyar nan kamar akuya."

"Aiki za a yi mata."

"A danginmu ba a taɓa yi ba. Ta fara da wuƙa, a ce mata raguwa har ta mutu? Ke ce fa kika juyo Isiyaku yana gicciye, ina ji ina gani. Injin yana ina a lokacin?"

"Wannan daban ne, Talatu."

"Yaran asibiti ai kowa yanka suke so. Ni ba su na zo tambaya ba. Ke na zo tambaya. Ki dube ni ki ce za ki iya, yanzu in tashi in tafi da kwanciyar hankali."

Na san abin da kalma ɗaya za ta yi. In na ce zan iya, ba mai ja, ko Isiyaku ba zai ɗaga murya a kan maganata ba. Na kuma san matan da ke zaune a wurin, kafin magariba duk abin da na faɗa ya kai bakin kasuwa. Na yi ƙoƙarin in yi musu bayani, na ce ruwa baƙi yake fitowa, ƙashi fari, nama toka-toka, na ga mabiyya da idona a bakin ƙofa. Wata daga baya ta ce, "Ikon Allah, Hajiya ta zama likita," aka yi 'yar dariya. Sai na bar bayanin.

"Ba zan iya ba," na ce. "Wannan haihuwar ta fi ƙarfin hannuna. In na taɓa ta, kashe ta zan yi."

Talatu ta daɗe tana kallona. Ta tashi ta gyara mayafi, ko furar da aka dama musu ba ta sha ba.

Da Isiyaku ya dawo na kama shi na kai shi gaban gilashin da kaina, na nuna masa da yatsa, ya sa hannu a takardar asibiti. Abokan aikinsa uku suka ba da jini. An kwantar da Rabi da sati biyu, wata safiya tana alwala jinin ya ɓalle. Da a ɗakina ne, ko a Achika, da yanzu wani labarin nake ba ku. Aka tura ta ɗakin aiki a guje. Ni da ban taɓa tsayawa a bayan ƙofa ana haihuwa ba, ran nan a baranda na zauna da carbi kamar kowace kaka. Leda uku na jini aka ƙara mata. Wata ma'aikaciya ce ta yanke cibin, ban ma san sunanta ba. Mace aka samu. Na roƙi a ba ni mabiyyar, aka miƙo min a leda, na kawo gida na wanke na binne a bayan ɗaki yadda ake yi.

Abin da ya biyo baya kuwa, kira ya ragu. Aka ce hannun Hajiya ya mutu, ita da bakinta ta faɗa. Waɗanda da suke aiko yaro da gudu suka koma wurin wata. Kaɗan da suka ci gaba da zuwa, na kafa musu sharaɗi, sai an je an duba inda mabiyya take kafin in taɓa, wasu suka ga na cika fi'ili su ma suka daina. Ban ajiye aiki ba, aikin ne ya janye a hankali. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba, na yi shekara ina jin sallama a zaure ina zabura. Da na sami sarari sai na riƙa zuwa wurin Sista Bilki ina zama a gefe, in mai ciki ta yarda. A can na ga tagwaye, na ga tsakuwa a matsarmamar mutum fara da inuwarta, na ga ƙullutun ruwa da na nama na koyi bambanta su.

Yaya Abu ta rasu shekara huɗu bayan haka, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Allah ba ta yarda a ambaci kasko a gabanta. Likitan ban san inda yake ba. Sista Bilki tana nan, aure ya kai ta Kano, takan aiko min da gaisuwa. Rabi tana nan da 'ya'ya huɗu. 'Yar da aka ciro ran nan ita ce Hafsatu, ga ta can ta fi uwarta tsawo. Talatu ma tana nan da ranta a Achika, idonta ya tafi. Ba ta sake taka gidan nan ba. An ce har yau in zancen ya taso sai ta ce da Yaya Kande ta so, da ta karɓi haihuwar nan lafiya lau, ƙi kawai ta yi. Duk Wudil ita kaɗai ta rage da ba ta taɓa shakkar hannuna ba, ita ce kuma ba ta yi min magana.